Na wa ne kayan da 'yan sarautar Rasha suka gudu da su?

Lokacin da Sarauniya Elizabet ta Ingila ta rasu a 2022 ko'ina ka leƙa hotunanta ne, kuma cikin hotunan akwai wani kambi da ta cika sawa, mai zobba-zobba na daiman da suka sarƙe juna, kowane zobe da lu'ulu'u yana reto a tsakiyarsa. Mutane sai yabawa suke, wai kayan gadon gidan sarautar Ingila. Toh ba a Ingila aka ƙera shi ba. Na wata gimbiyar Rasha ne, Mariya Fablobna, matar baffan Sarki Nikolas na biyu. Juyin juya halin 1917 ya riske ta tana can kudancin ƙasar, gwala-gwalanta na ɓoye a fadarta da ke San Fitasbag, sai wani abokinta ɗan Ingila mai suna Albat Stopford ya lallaɓa ya shiga fadar ya kwaso su ya fitar da su zuwa Landan. Ita kanta sai 1920 ta samu fita, kuma shekarar bata ƙare ba ta rasu a Faransa. A 1921 'yarta ta sayar da kambin ga Sarauniya Meri, kakar Elizabet, shikenan ya zama na Ingila.

Tun daga nan nake bin labarin waɗannan mutane, kuma abun da na lura shi ne duk mai ba da labarinsu hanya ɗaya yake bi, ko dai ya sa ka kuka saboda gimbiya ta koma ɗinki, ko ya ce Allah ya ƙara ai azzalumai ne. Ni gaskiya duka biyun basu gamsar da ni ba. Ina tausaya musu a matsayinsu na mutane, wanda aka harbe masa miji da ɗa ba a tambayarsa nawa yake da shi a banki kafin a yi masa ta'aziyya. Amma maganar zane-zane da gwala-gwalai da kayan fada wata magana ce daban, kuma ra'ayina a kai bai canza ba duk karatun da na yi: waɗannan kaya amana ce a hannun duk wanda ya riƙe su, 'yan sarauta sun ɗauke su gado, 'yan Bolshebik, wato 'yan kwaminis da suka karɓi mulki a juyin juya halin, da suka ƙwace sun ɗauke su jari, kuma cikin su biyun wanda ya fi cin amanar shi ne wanda ya ƙwace da sunan talaka sannan ya sayar a ɓoye.

Bari in fara da Yarima Feliks Yusufof don shi ne labarinsa ya fi kowa tsawo. Sunan ma daga Yusuf ya samo asali, kakanninsa Tatar ne Musulmi, wani Yusuf Murza shugaban mutanen Nogai, daga baya zuri'ar suka shiga Kiristanci suka zama cikin gidajen da suka fi kowa dukiya a Rasha. Shi ne ya jagoranci kashe Rasfutin, malamin tsibbun nan mai faɗa a ji a gidan sarki, a fadarsu cikin Disamban 1916, kuma matarsa Irina 'yar ƙanwar sarki ce. A watan Afrilun 1919 Sarki Joj na biyar na Ingila ya tura jirgin yaƙi mai suna Marlborough gaɓar Kirimiya ya ɗauko mahaifiyar Nikolas, wadda take ƙanwar uwar shi Joj ɗin, Feliks da Irina suna cikin waɗanda suka hau. Cikin kayan da ya fita da su akwai zane biyu na Rembrandt, mai zanen nan ɗan Holan, ɗaya wani mutum da doguwar hula da safar hannu, ɗaya wata mata riƙe da mafici na gashin jimina. An cire su daga katakonsu an naɗe kamar tabarma.

A 1921 kuɗi suka yi ƙasa, ya sayar da su ga wani attajirin Amurka Josef Widener a kan fam 100,000. Shi Feliks a ransa jingina ya yi, don takardar ta ce yana iya fansa kafin 1 ga Janairun 1924 in ya biya kuɗin da ruwa kashi 8 cikin ɗari, amma an sa wani sharaɗi, sai in da ƙarfin aljihunsa zai fansa don ya ajiye abinsa ya more. Da lokaci ya yi ya je da kuɗin da Kalust Gulbenkiyan mai harkar mai ya ranta masa, Widener ya ce a'a wannan ba fansa ba ce, so kake ka karɓa ka miƙa wa wani. Aka je kotu a Niyok, a 1925 alƙali ya ba Widener gaskiya. Duk wanda ya taɓa ganin an kai gona ko gida jingina cikin matsi ya san irin wannan takarda, mai buƙata ba ya karanta ƙananan layuka, mai kuɗi kuwa don ƙananan layukan ya ɗauki lauya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dillalan Faris da Landan da Niyok a shekarun nan ba ƙaramin arziki suka yi da kukan mutanen Rasha ba, don kaya sun cika kasuwa, kowa na sayarwa lokaci ɗaya, farashin daiman da lu'ulu'u ya faɗi warwas.

Amma ga inda tausayina ke tsayawa ya yi tunani. Me Feliks ya yi da kuɗin? In za a yi masa adalci ya taimaki 'yan gudun hijira sosai, gidansa ba a rufe wa mai buƙata ƙofa, wannan ko maƙiyansa basu musa ba. Sai dai kuma ya kasa rage rayuwa. Shi da Irina sun buɗe gidan ɗinki a Faris a 1924 mai suna Irfe, daga farkon sunayensu biyu, ya yi tashe na ɗan lokaci ya rufe a 1931. Daiman ɗin gidansu ɗaya bayan ɗaya suka tafi hannun kamfanin gwala-gwalai na Cartier da ire-irensu. Abun da ya sake ɗaga su shi ne ƙarar da Irina ta kai kamfanin fim na MGM a Landan a 1934 kan ɓata mata suna, aka bata fam 25,000, kuma daga wannan shari'a ne masu fim suka ɗauki al'adar rubuta cewa labarin ƙirƙira ne duk kamannin da aka gani arashi ne. A 1953 har shahararren lu'ulu'un mahaifiyarsa sai da aka sayar a Janeba. Ya rasu 1967 a Faris a ɗan madaidaicin gida. Wato kusan shekara hamsin ana cin gado ana liyafa ana jiran ranar komawa.

Wannan jiran shi ne ciwon gaba ɗayansu. Da yawa sun ƙi kwance akwati, suna cewa Bolshebik ba za su kai baɗi ba. A Faris ana dinar tara kuɗi, ana rawa da kayan sarauta, ranar Lahadi a haɗu a babbar cocinsu ta titin Daru kowa a kira shi da muƙaminsa na da, janar ne ko hakimi ko wane. Wani ɗan baffan sarki, Kiril, a 1924 ya ayyana kansa Sarkin Sarakunan Rasha alhali yana gudun hijira, daga baya ya zauna a wani ƙauyen bakin teku a Faransa, San Biriyak, yana raba sarautu da lambobin girma a takarda, mahaifiyar Nikolas ma bata yarda da shi ba don ita har ta rasu a Denmak a 1928 bata amince an kashe ɗanta ba. Ba dariya nake musu ba wallahi. Mutumin da aka raba da ƙasa, gwamnatin Sobiyet ta soke masa zama ɗan ƙasa a 1921, takardarsa kawai fasfon Nansen da aka ƙirƙiro a 1922 don marasa ƙasa, dole ya riƙe wani abu da zai tuna masa shi waye, ko da sunan sarauta ne ko cokalin azurfa mai tambarin gidansu. Na fahimci wannan. Abun da ban yarda da shi ba shi ne yadda wannan ƙyalƙyali ya rufe labarin sauran jama'a.

Don mutanen da suka bar Rasha sun haura miliyan ɗaya, kuma masu jinin sarauta a cikinsu 'yan kaɗan ne. A Nuwamban 1920 kaɗai da Janar Rangel, kwamandan sojojin da suka yaƙi Bolshebik, ya kwashe mutanensa daga Kirimiya, jirage sama da 120 suka ɗauki kusan mutum 150,000 zuwa Istanbul, sojoji ne da mayaƙan Kosak da malamai da mata da yara, aka zube su a sansanoni a Galifoli da tsibirin Lemnos, jiragen yaƙin kuma suka ƙare a Bizarta ta Tunisiya. Waɗannan basu da Rembrandt a akwati. Su ne suka cika masana'antar motoci ta Renault a Biyankur har Rashawa suka laƙaba wa unguwar suna irin nasu, su ne dubban direbobin tasi na Faris, su ne matan da suka wahala a Harbin da Shanghai wahalar da ba a so a faɗa. Amma in aka tashi ba da labari sai ka ji kamar duk direban tasi yarima ne. Ko a gudun hijira ma sunan mai sarauta ne ke shiga jarida.

Toh yanzu tambayar da mutane ke gudu. Daga ina dukiyar ta fito tun farko?

Har zuwa 1861 Rasha na da bayin gona, mutane ne 'yan ƙasa masu addini ɗaya da iyayengijinsu amma ana mallakarsu tare da ƙasar da suke nomawa, ana sayar da su, ana ba da su sadaki, ana cin su a caca. Da Sarki Alekzanda na biyu ya 'yanta su sun kai wajen miliyan 23, kuma ko bayan 'yancin sai da aka sa su biyan kuɗin gonakin shekara da shekaru har 1907. Gidan Sheremetef kaɗai an ƙiyasta sun mallaki mutum wajen 200,000. Da gumin waɗannan aka gina fadoji, da shi aka je Faris da Rum aka sayo zane. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Wani abun da ya fi taɓa ni ma, wasu masu zanen su kansu bayi ne. Iyalan Argunof da suka zana iyayengijinsu mallakin gidan Sheremetef ne. Basili Tirofinin, ɗaya daga manyan masu zanen fuska na Rasha, ubangidansa da farko koyon yin alewa da kek ya tura shi, yana zane yana hidimar tebur, bai samu 'yanci ba sai 1823 yana da shekara 47. Ka yi tunani, mutum ya haura arba'in ana yabon hannunsa a birni amma shi kaya ne a littafin wani. Ƙidayar 1897 kuma ta nuna cikin kowane mutum biyar ɗaya ne kawai ya iya karatu. Saboda haka in jikan wani gida ya ce min an sace wa kakana zane, zan ce eh an ƙwace da bindiga, ban musa ba, amma kakan naka da me ya saya.

Wani zai ce ai da haka kowa ya tara, wane gidan sarauta ne a duniya hannunsa ke da tsabta. Gaskiya ne. Shi ya sa ma nake cewa amana ce. In dukiyar jama'a ce ta taru a ɗakinka ta zama zane, to ko ba a ƙwace ba akwai haƙƙin jama'a a kanta, aƙalla su gani. Wasu cikinsu sun gane haka tun kafin guguwa. Gimbiya Mariya Tenishefa ta tara kayan gargajiyar Rasha ta gina musu gida a Simolensk ta ba da shi kyauta a 1911, ita kuma ta rasu a gudun hijira kusa da Faris a 1928. Sergei Shukin, shi ɗan kasuwar yadi ne ba jinin sarauta ba, ya tara zanen Matis da Fikaso da Mone tun ana masa kallon mahaukaci, sama da zane 250, kuma tun 1908 yake buɗe gidansa a Mosko ranar Lahadi ɗalibai su shigo su kalla shi da kansa yana zagayawa da su. A 1918 Lenin, shugaban Bolshebik, ya sa hannu aka mayar da tarin na gwamnati, Shukin ya fita ya rasu a Faris a 1936, kuma shi da kansa bai je kotu neman a dawo masa da su ba.

Da a ce Bolshebik sun tsaya a nan, sun ƙwace sun buɗe ƙofa sun ce talaka shigo ka ga abun da gumin kakanka ya saya, da na ce zalunci ne a hanya amma akwai hujja a manufa. Da farko ma kamar haka za a yi, fadoji da yawa an mayar da su gidajen tarihi, har fadar Yusufof. Sai ga shi ba a yi shekara goma ba suka buɗe kasuwa. A 1927 aka yi gwanjon wani ɓangare na gwala-gwalan gidan sarauta a Christie's ta Landan. Daga 1928 aka shiga babban gidan tarihi na Hamitej ana zaɓo na ƙwarai ana fitarwa ta hannun wata hukuma mai suna Antikwariyat, don Stalin, shugaban Sobiyet na lokacin, na neman kuɗin waje ya sayi injina da tarakta na shirinsa na shekara biyar. Gulbenkiyan ɗin nan da ya ranta wa Feliks kuɗi yana cikin na farko da suka saya. Sai Andiru Melon, wanda a lokacin shi ne sakataren baitulmalin Amurka, ƙasar da ko amincewa da gwamnatin Sobiyet bata yi ba tukuna, tsakanin 1930 da 1931 ya sayi zane 21 a kan dala miliyan 6 da dubu ɗari shida da wani abu, cikinsu har da wani zanen Rafayel da shi kaɗai ya haura dala miliyan ɗaya. Duk a asirce, talakan da aka ce don shi aka ƙwace ba wanda ya tambaye shi, ma'aikatan Hamitej da suka yi ƙorafi ba a saurare su ba. Ƙwayayen zinare na maƙerin nan Faberje da sarakuna ke ba matansu da iyayensu mata lokacin Ista, guda 50 aka ƙera wa gidan sarauta, yau goma kacal ke cikin Kiremlin. Kuma bayan duk wannan ciniki, 1932 da 1933 miliyoyi suka mutu da yunwa a Yukiren da Kazakistan da kudancin Rasha. Kayan sun tafi, talakan bai ƙoshi ba.

Shari'ar Gimbiya Olga Fale ita ce ta fi tsaya min a rai. An jefa ɗanta Biladimir a ramin ma'adinai a Alafayefsk a 1918, an harbe mijinta a Janairun 1919, ta tsere ta Finlan. Aka mayar da fadarta gidan tarihi, toh ko ba komai jama'a na gani. Sai a 1928 gwamnati ta sayar da kayan ɗakin ga wani dillali Noman Wais ya kawo su Landan. Ta gane kujerunta da labulenta da zanenta, ta kai ƙara, a 1929 kotun Ingila ta ce tunda Birtaniya ta amince da gwamnatin Sobiyet ba ta da hurumin bincikar abun da gwamnatin ta yi cikin ƙasarta. Aka yi gwanjon kayan, ita kuma ta rasu ƙarshen wannan shekarar. A nan kam ina bayanta ɗari bisa ɗari. In kun ce na jama'a ne ku ajiye wa jama'a, in kuma na sayarwa ne to ai mai shi tana raye ga ta nan.

Tarin Shukin bai shiga wannan gwanjo sosai ba amma shi ma bai tsira ba, a 1948 Stalin ya rufe gidan da ake nuna su wai zanen 'yan jari hujja ne, aka raba tsakanin Mosko da Leningrad, wato San Fitasbag, aka kulle da yawa a sito, sunan mutumin da ya tara su kuma aka shafe shekaru ba a ambata. 'Yarsa ta gwada kotu a Faris a 1954 bata samu komai ba. Da aka kai tarin Faris a 2016 sama da mutum miliyan ɗaya suka je kallo.

Cikin 'yan hijirar waɗanda suka fi burge ni su ne waɗanda suka naɗe hannun riga. Mariya Fablobna ƙarama, jikar sarki, ta sayi keken surfani ta koya ta buɗe shago mai suna Kitmir tana yi wa gidan ɗinki na Chanel aiki, ta ɗauki matan Rasha 'yan uwanta aiki. Olga Alekzandirobna ƙanwar Sarki Nikolas uwa ɗaya uba ɗaya, ta auri soja talaka, ta yi noma da kiwo a Denmak, tana zana furanni da ƙauye da fentin ruwa tana sayarwa, a 1948 ta koma Kanada, ta rasu 1960 a wani ɗaki saman shagon gyaran gashi a Toronto. Macen da aka haifa cikin fada mai ɗaruruwan ɗakuna, ta ƙare tana cin gumin hannunta kamar Tirofinin, sai dai ita da 'yancinta. Gimbiya Bera Mesherskaya kuwa da tallafin wata 'yar Ingila ta buɗe gidan tsofaffi a San Jenebiyeb de Buwa a 1927, maƙabartar garin yau a nan dubban Rashawa ke kwance har da Feliks da Irina.

Akwai kuma waɗanda suka zo daga baya suka bi hanyar da baya, maimakon sayarwa suna tarawa. Yarima Nikita Lobanof Rostofski an haife shi a Sofiya ta Bulgeriya a 1935, bai taɓa ganin Rashar sarakuna ba, yana yaro 'yan kwaminis suka ɗaure shi da iyayensa, mahaifinsa daga baya aka kashe shi. Ya yi karatun duwatsu da ma'adinai a Okusfod ya shiga aikin banki, ya dinga bin gidajen tsofaffin masu zane 'yan hijira da matan da suka bari yana sayen zanen kayan wasan dandali na su Bakst da Benuwa da Goncharoba lokacin ba mai kallonsu, wasu a ƙarƙashin gado suke. A 2008 babban ɓangaren tarin ya koma San Fitasbag. Sayarwa ya yi, kuɗi masu yawa ya karɓa, ban ɓoye ba, amma ya ƙi warwatsa su, kuma wasu kyauta ya bayar. Baron Eduwad Falz-Fain da ya zauna a Likitinstain ya rasu 2018 yana da shekara 106, shi ma ya shafe shekaru yana bin gwanjo yana saye yana mayarwa gida. Waɗannan ni a ganina sun fi duk masu dinar Faris riƙe sunan gidajensu.

Sai dai kar mu yi saurin tafi in mun ji an ce kaya sun koma gida. A 2004 Biktor Bekselbag ya sayi ƙwan Faberje tara na sarauta daga iyalan Forbes a kan wajen dala miliyan 100, ya buɗe musu gidan tarihi a San Fitasbag a 2013. Ya kyauta, mutane na shiga suna gani. Amma shi ɗin yana cikin waɗanda suka yi arziki lokacin da aka yi gwanjon masana'antun gwamnati bayan rushewar Sobiyet a 1991, lokacin da tsofaffi ke sayar da kayan ɗakinsu a bakin titi don su ci abinci. Tambayar da na yi wa kakan yarima ita ce dai zan yi masa.

Toh a mayar wa jikoki ko kar a mayar? Abun da yake na jiki, wasiƙa, hoton iyali, zoben aure, wannan a basu ba gardama. A 2008 an gano wasu rigunan matashi biyu a ma'ajiyar ma'aikatar harkokin wajen Suwidin cike da maɓallan hannun riga da gwangwanayen sigari na zinare, na ita wannan gimbiya mai kambi, an kai su ajiya ofishin jakadancin Suwidin tun 1918 aka manta shekara 90. Suwidin ta miƙa wa magada, ajiya ce ta dawo, daidai ne. Su kuma a 2009 suka kai Sotheby's aka sayar wajen fam miliyan 7, kaya suka watse cikin aljihun masu kuɗi. Haƙƙinsu ne, amma wannan ya nuna min abun da zai faru in aka kwashe Hamitej aka raba wa zuri'a. Babban zane da ya riga ya shiga gidan tarihi yara 'yan makaranta na tsayawa gabansa, ni ban goyi bayan a cire shi a kai falon wani a Monako ba, ko da kakansa ne ya saya.

Mu ma nan wannan tambaya ta zo mana ta wata fuska da kayan tagullar Benin da sojan Ingila suka kwashe a 1897, Jamus ta fara dawo da su a 2022, a 2023 gwamnatin Buhari ta ce mallakin Oba ne, aka yi ta muhawara fada ce ta fi cancanta ko gidan tarihin ƙasa. Ba ɗaya ba ne da na Rasha, can baƙi ne suka zo da bindiga kuma fadar tana nan da ranta, amma duk wanda zai riƙe, ni abun da zan tambaya ɗaya ne, yaron makaranta daga ƙauye zai iya shiga ya gani ko ba zai iya ba.

Zanen Rembrandt biyu na Feliks yau suna babban gidan zane na ƙasa a Washinton, Widener ya ba da tarinsa kyauta a 1942. Gidan kuwa Melon ne ya gina shi, aka buɗe a 1941, kuma zanen nan 21 da Stalin ya sayar masa suna cikin waɗanda aka kafa shi da su. Abun da yarima ya sayar don matsi da abun da gwamnati ta sayar don tarakta suna ƙarƙashin rufi ɗaya, ana shiga kyauta ba tikiti, wannan na yaba. Amma jikan manomin da ya noma gonakin Yusufof sai ya nemi biza ya tsallaka teku kafin ya gani. Ba cewa nake a ciro su a mayar ba, ciniki ne aka yi kotu ta tabbatar. Abun da nake so ƙarami ne kuma ba ya cin kuɗi, a ɗan allon da ke gefen zanen, ƙasan sunan Rembrandt da sunan Widener, a ƙara layi biyu a ce wannan ya fito daga gidan Yusufof, gidan da ya mallaki dubban bayin gona, an fita da shi ta Kirimiya a 1919, an sayar a 1921. A gefen na Rafayel kuma a rubuta cewa gwamnatin Sobiyet ce ta cire shi daga Hamitej ta sayar a asirce a 1931.